Yadda ake zana taswirar duniyar da ba a taɓa ganin fuskarta ba: gwaji da bokiti, fitila da faifai

Duk taswirar da ka taɓa gani ta wata duniya mai zagaya wani tauraro daban da ranarmu, lissafi ne ya haife ta. Har yau babu na'urar hangen nesa, a ƙasa ko a sararin samaniya, da ta ga fuskar irin waɗannan duniyoyi ta ce nan tudu ne, can gajimare ne. Abin da ke iso mana ɗigon haske ne guda, galibi ma hasken tauraron ne da na duniyar a cakuɗe. Ɗigon yakan ɗan ƙaru, ya ɗan ragu, kuma daga wannan hawa da sauka masana ke tatso taswira.

Ina koyar da fizik a wata lise nan Zinder, kuma na lura bayanin baki ba ya zaunar da wannan magana a kan ɗalibi. Gani ya kori ji. Gwajin da zan bayyana ana yin sa ne a ɗaki mai duhu, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun malami ba. Wanda ya yi shi da hannunsa zai san wane sashe na taswira zai yarda da shi, wane kuma zai ɗora wa ayar tambaya.

Tukuna, me ya hana a ɗauki hoto kawai? Ɗauki duniyar HD 189733 b, mai zagaya tauraron HD 189733, wadda ita aka fara yi wa taswira. Ta ɗan fi Jupita girma, Jupita kuwa faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 11. Sai dai haske ma sai ya yi shekara 64 yana tafiya kafin ya iso mana daga can. Na zauna na buga lissafin: in aka ajiye ƙwayar gero guda a Makka, kai kuma ka hau duwatsun Birni kana hangen ta, ƙwayar nan ta fi waccan duniya girma a idonka, wajen ninki biyu. Ga ta kuma maƙale da tauraro wanda haskensa ya rinjayi nata sau ɗaruruwa, ko a nau'in hasken da ta fi ƙarfi. An ɗauki hoton wasu tsirarun duniyoyi kai tsaye, kamar na tauraron HR 8799 a 2008, amma su ma ɗigo-ɗigo suka fito. Tun da Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka gano 51 Pegasi b a 1995, an tabbatar da duniyoyi fiye da 6,000. Waɗanda aka yi wa taswira 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikinsu.

Kayan aiki da ɗaki

Nemi farin bokitin roba wanda haske ke ratsa shi in ka ɗaga shi ga rana. Na fenti da aka wanke ya wadatar. Sai fitila mai caji, mai haske sosai, wadda za ta tsaya a tsakiyarsa. Sai baƙar leda mai kauri ko baƙar takarda, salatif, zare, alli, babban tire na ƙarfe da za a ɗora bokitin, da faifai wanda ya fi bokitin faɗi. Don gwajin farko kana buƙatar farin ƙwan lantarki mai zagaye da ɗan ƙwallon laka da ka mulmula ka soke da tsinke.

Ma'auninka wayar Android ce. Yawancinsu suna da ɗan ido a saman fuska, kusa da wurin jin magana, wanda ke auna hasken wuri don daidaita hasken allo. Sauke manhajar phyphox, ta jami'ar Aachen da ke Jamus. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka ba ta buƙatar intanet. Buɗe sashen haske, za ka ga lamba tana motsi. Ɗora yatsa a kan idon, in lambar ta faɗi, kun daidaita. A iPhone manhajar ba ta samun wannan ido, kada ka ɓata lokaci. Wasu wayoyin kuma lambarsu tsalle take yi, daga goma sai ashirin, babu tsakiya. Tara wayoyin ɗalibai ka gwada, ka zaɓi wadda ta fi laushin motsi.

Ɗakin ya fi komai muhimmanci. A toshe taga da bargo, ko a bari sai bayan magariba. In bangon fari ne, a rataya baƙin zane a bayan bokiti da gefensa. A kafa wayar da littattafai ta tsaya cak, wajen mita ɗaya da rabi daga fitila, kada kowa ya sake taɓa ta. Wanda ya sa farar riga ya koma can baya ya zauna. Ba wasa nake ba: mutum guda mai farin yadi ya gitta gefen bokiti, rigarsa ta maido haske, sai ka ga lambar ta tashi fiye da abin da kake nema.

Gwajin farko: giftawa

Wannan ba taswira ba ce tukuna, amma daga nan ake farawa. Kunna ƙwan lantarki, ka rubuta lambar da waya ta nuna. Sai ka riƙe tsinken ka gifta ƙwallon laka a hankali ta gaban ƙwan, dab da shi, tsakaninsa da waya. Lambar za ta sauka, ta ɗan zauna a ƙasa, ta koma. In faɗin ƙwan santimita 6 ne, ƙwallon kuma 2, to ya tare kashi ɗaya cikin tara na fuskar, wato wajen kashi 11 cikin ɗari. A ba ɗalibai lissafin ta baya: ga yawan raguwa, ku fitar da girman ƙwallon. Da Jupita za ta gifta gaban rana wani yana kallo daga nesa, kashi 1 cikin ɗari za ta rage. Duniyarmu kuwa kashi 84 cikin miliyan. A 1999 aka fara ganin irin wannan giftawa, a tauraron HD 209458. Na'urar Kepler, wadda ta yi aiki daga 2009 zuwa 2018, ta zuba wa taurari wajen 150,000 ido, ta samo duniyoyi fiye da 2,600 ta wannan hanya. Giftawa tana ba ka girman duniya da tsawon shekararta, shi ke nan.

Gwaji na biyu: juya bokiti

Duniyoyin da aka fi yi wa taswira manya ne irin Jupita, masu zagaya tauraronsu kurkusa, cikin kwana ɗaya ko biyu ko uku. Kusancin ya sa fuska ɗaya suke ba tauraron kullum, yadda wata ke ba mu fuska ɗaya. Gefe guda rana ce ta har abada, ɗayan dare ne da ba ya wayewa. Suna da zafin da ya sa su kansu suke fitar da haske, irin hasken zafi da ido ba ya gani amma na'ura ke kamawa. Yayin da duniyar ke zagayawa, wani lokaci gefen dare take nuna mana, wani lokaci gefen rana, ta cika juyi guda a kowane zagaye. Bokiti mai fitila a ciki shi ne wannan duniya: inda ya yi fari wuri ne mai zafi, inda ka liƙa leda wuri ne mai sanyi.

Kife bokitin a kan tire da fitila a ciki. Zana da'ira da alli a ƙasa kewaye da tiren, ka raba ta gida 12 daidai, kowane gida digiri 30. Sa alama guda a bakin tiren. Fara auna bokitin babu komai a jikinsa: a juya zuwa gida na ɗaya, a saki hannu, a ja baya, a karanta lamba, a rubuta a kaye, haka har gida na 12. Lambobin su kusa zama ɗaya. In wani gefe ya fi, fitilar ba ta tsakiya, a gyara. Idan an gama zagaye, a dawo gida na ɗaya a sake aunawa. Sau da yawa za ka tarar lambar ta ɗan ragu, don cajin fitila yana sauka. Rubuta wannan ragin ka raba shi a kan ma'aunan goma sha biyu. Masana ma da irin wannan suke fama: idon Spitzer, na'urar hangen nesa da ta yi aiki a sararin samaniya har 2020, yakan ƙara jin haske sannu a hankali in ya daɗe yana kallon tauraro guda, tauraron HD 189733 kuma yana da baƙaƙen tabo a fuskarsa masu sauya haskensa yayin da yake juyawa. Sai an cire duk wannan kafin a ce saura na duniyar ne, kuma yadda mutum ya cire shi yana taɓa taswirar da zai samu.

Yanzu raba aji biyu. Rukuni guda su fita waje. Na ciki su liƙa leda mai faɗin tafin hannu a wani wuri a jikin bokiti, su auna gidaje 12, su cire ledar, su miƙa wa na waje lambobin kaɗai. Na waje su raba kowace lamba da takwararta ta bokiti fari, su zana su a jere a takarda mai gida-gida, su faɗi inda ledar take.

Wurin za su gane shi da sauƙi: gidan da lamba ta fi faɗuwa, a nan ledar ta fuskanci waya. Faɗinta ne zai ba su wuya. Leda mai faɗin tafin hannu tana rage haske a gidaje wajen shida ko bakwai, don a kowane lokaci rabin bokitin ne waya ke gani, ledar kuwa tana cikin wannan rabi tun daga shigowarta ta gefe har fitarta ta ɗaya gefen. Sai ka sake gwadawa da leda mai shara-shara wadda ta ninka ta farko faɗi. Zanen da zai fito kusan ɗaya ne da na farko. Ƙaramin wuri baƙi ƙirin da babban wuri mai duhu-duhu, a idon waya tazararsu kaɗan ce.

Da wannan dabara Heather Knutson da abokan aikinta suka fitar da taswirar farko a 2007. Sun sa Spitzer ta kalli HD 189733 wajen awa 33 ba ƙyaftawa, fiye da rabin zagayen duniyar, wanda ke ɗaukar kwana 2.2. Duk sauyin da suke bi bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin dubu na hasken ba. Suka samu gefen rana yana kai wajen digiri 930 a ma'aunin Salsiyos, gefen dare wajen 650. Abin da ya fi jan hankali, hasken ya kai ƙololuwa kafin lokacin da gefen rana ya fuskance mu sosai, alamar cewa wurin da ya fi zafi ya goce gabas da wajen digiri 30. Iska mai ƙarfi ce ke kwashe zafin ta yi gaba da shi. Wannan sakamako ne na gaske, kuma a ganina yana cikin kyawawan ayyukan awo na zamaninmu. Amma dubi hoton da aka yaɗa: tsakiya ja-ja, yana dusashewa zuwa arewa da kudu. Wannan dusashewa ba a auna ta ba. An ɗora ta ne bisa zaton cewa haka ya kamata ta kasance.

Ga yadda za ka nuna dalili. Liƙa ledar a saman bokiti ka auna. Sauko da ita ƙasa, a layi ɗaya, ka sake aunawa. In wayar tana daidai tsakiyar tsayin bokitin, lambobin za su fito kusan iri ɗaya. Juyawa tana gaya maka gabas da yamma, ba ta san arewa da kudu ba.

Sai gwajin da na fi so. Zagaya bokitin da zare, ka ninka zaren gida shida daidai, ka sa alamu. Rufe gida na ɗaya da leda daga sama har ƙasa, bar na biyu fari, rufe na uku, bar na huɗu, rufe na biyar, bar na shida. Rabin bokitin ya zama baƙi, ratsi uku manya waɗanda ko daga bakin ƙofa ana ganinsu. Juya ka auna. Lambar kusan ba za ta motsa ba. Duk lokacin da wani ratsi ke barin tsakiya yana ƙanƙancewa a gefe, wani yana shigowa ta ɗaya gefen, abin da aka rasa nan an mayar can. Ɗan motsin da zai rage daga tsukewar gindin bokiti ne da kusancin waya. Na waje in ka ba su waɗannan lambobi cewa za su yi bokitin launi ɗaya ne, mai ɗan duhu ko'ina. Wata ɗaliba 'yar tarminal, da aka kunna wuta ta ga ratsin, ta ce: "Mushe, ke nan ko na'urar ta kai ina, ba za ta taɓa ganin wannan ba?" Na ce mata ta wannan hanya dai, ba za ta gani ba. Matsalar ba ta ƙarfin na'ura ba ce, siffar abin ce ta hana. Ratsi biyar ma haka, bakwai ma haka. Masanin taurari Henry Norris Russell ya nuna wannan iyaka tun 1906, yana nazarin hasken ƙananan duwatsun da ke zagaya rana. Ratsi huɗu suna barin alama, amma ƙarfinta wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na alamar ratsi biyu, shida kuma sun fi haka rauni. Idan ka tattara, duk abin da juyawa za ta iya ba ka game da duniya sukutum bai wuce lambobi huɗu ko biyar ba.

Gwaji na uku: faifai

Akwai hanyar samun ƙari. Sau ɗaya a kowane zagaye duniyar takan shige bayan tauraronta. Ba ta ɓacewa lokaci guda: bakin tauraron yana cin ta sannu-sannu, yanka bayan yanka, sannan ya sake ta haka a ɗaya gefen. A HD 189733 b shigar ba ta kai rabin awa ba. In yankan da aka rufe yanzu mai zafi ne, haske zai faɗi da sauri. In mai sanyi ne, a hankali.

Tsayar da bokitin da leda a sama ta gefen dama. Faifai shi ne tauraro. A ja layi da alli a ƙasa tsakanin bokiti da waya, kusa da bokitin, a sa alama kowane santimita biyu. Mutum guda ya riƙe faifan a tsaye yana matsar da shi alama bayan alama, wani yana rubuta lamba, har bokitin ya ɓace ya sake fitowa. Sirrin yana ga tsayin da aka riƙe faifan. In tsakiyarsa ta yi daidai da tsakiyar bokiti, yankan kusan a tsaye suke, ba ka ƙaru da komai game da sama da ƙasa ba. Ɗaga shi kaɗan, yadda bokitin zai bi ta ƙasan tsakiyarsa, sai bakin faifan ya shiga a karkace ta wannan hannu, ya fita a karkace ta wancan. Yanka biyu masu gilma wa juna ke nan, inda suka haɗu nan ledar take. Maido ledar ƙasa ka sake, za ka ga wannan karon lambobin sun bambanta.

A 2012 rukuni biyu na masana suka yi wa HD 189733 b wannan aiki da bayanan Spitzer, suka fitar da taswira mai gabas da yamma da arewa da kudu. Wurin zafin ya fito kusa da tsakiyar duniyar, a goce gabas, kamar yadda aka samu a 2007. Hanya biyu daban sun ba da amsa mai kama da juna, wannan shi ke sa mutum ya natsu. Na'urar James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 da madubi mai faɗin mita 6.5, ta yi wa WASP-18 b irinsa a 2023. Duniya ce mai nauyin Jupita goma, shekararta awa 23, zafinta yana kai wajen digiri 2,700, kuma daga wurin da ya fi zafi zuwa bakin iyakar dare akwai faɗuwar kusan digiri 1,000.

Wannan hanya ma tana da nata aibin. Gefen rana kaɗai take gani, don shi ne ke fuskantar mu lokacin shigewar. Kuma ta dogara da sanin hanyar duniyar daidai-wa-daida. Gwada ka gani: ka ce wa na waje an riƙe faifan a tsayi kaza alhali an ɗan ɗaga shi fiye da haka. Za su zana ledar a wurin da ba ta nan, kuma lissafinsu zai yi kyau ba tare da wata alamar kuskure ba.

Idan an ce wuri ya yi haske

A bokiti fari yana nufin abu guda. A sama ba haka ba ne. Wuri yakan yi haske don zafi, yakan yi don gajimare yana maido hasken tauraro. A 2013 aka ga Kepler-7 b ta fi haske ta yamma a hasken da ido ke gani. Sai da aka auna zafinta da Spitzer aka ga bai isa ya ba da wannan haske ba, aka gane gajimare ne ya lulluɓe yammacinta, gabas kuma a buɗe. Sannan kowane nau'in haske daga wani zurfi na iskar duniyar yake fitowa, don haka taswira biyu na duniya ɗaya suna iya saɓawa alhali kowace gaskiya ce. A WASP-43 b, mai shekarar awa 19 da rabi, James Webb ta samu wajen digiri 1,250 a gefen rana da 600 a gefen dare, amma daren akwai gajimare mai kauri, ke nan saman gajimaren aka auna, abin da ke ƙasansa ya fi zafi. Kada kuma a ɗauka kullum gabas zafi ke gocewa: a 2018 aka samu na CoRoT-2 b ya goce yamma.

To wa ya taɓa zuwa ya duba ko irin wannan lissafi yana faɗin gaskiya? An samu dama a gida. Daga 1985 zuwa 1990 Pluto da watanta Charon sun riƙa gifta gaban juna, masana suka yi aikin faifai sak, suka zana taswirar wurare masu haske da masu duhu. A Yulin 2015 kumbon New Horizons ya wuce ta gefenta ya ɗauko hotuna. Tsofaffin taswirori sun yi daidai da suka ce Pluto dabbare-dabbare ce, da manyan yankuna farare da baƙaƙe. Duwatsun ƙanƙara da filayen da kumbon ya gani kuwa, babu ko alamarsu a ciki. An kuma gwada da duniyarmu. Kumbon DSCOVR ya riƙa kallon ta daga nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi. A 2019 wasu masana a Amurka suka ɗauki hotunansa wajen 10,000, suka dunƙule kowane ya zama ɗigo, suka sake gina taswira daga ɗigon. Nahiyoyi sun fito a matsayin manyan dunƙule-dunƙule a wuraren da ya kamata, har ana iya nuna Afirka. Tafkin Cadi ko duwatsun Azbin, wannan sai dai a manta. Kuma su sun san amsar tun kafin su fara, wanda ba ƙaramin taimako ba ne.

Saboda haka in taswira ta zo maka a Facebook ko WhatsApp, fara duba rubutun da ke ƙasanta. In ka ga an sa «vue d'artiste», aikin mai zane ne. Wani lokaci launin yana da tushe: shuɗin HD 189733 b an auna shi da na'urar Hubble a 2013, da aka ga shuɗin haske ne ya fi raguwa yayin da ta shige bayan tauraronta. Amma murɗe-murɗen guguwa da ke jikin hoton daga kan mai zane suka fito. In kuma taswirar awo ce, nemi sanin hanyar: juyawa ce ko shigewa bayan tauraro? In juyawa ce kaɗai, toshe idonka daga duk abin da ta ce game da arewa da kudu. Bambancin zafin dare da rana, da wajen da zafi ya goce, waɗannan nakan yarda da su, musamman in wata na'ura ta sake aunawa ta samu kusa da haka. Duk wani tabo ƙarami, ko gefe mai kaifi, ban yarda ba. Har samuwar duniyar ma takan rushe: Fomalhaut b da aka sanar a 2008, a 2020 aka nuna gajimaren ƙura ne mai bazuwa, wadda aka ce an gano a Alpha Centauri B a 2012 kuma ta ɓace a 2015 da aka sake tace bayanan.

Hoto na gaske, mai nahiyoyi da tekuna, akwai masu nazarin samun sa ta amfani da yadda nauyin rana ke lanƙwasa haske. Sai dai dole a kai na'urar nisan da ya ninka tazarar rana da duniyarmu sau 550, kumbon Voyager 1 kuwa da ya tashi tun 1977 bai ci sulusin wannan hanya ba.

In ajin ya ƙware da bokiti, a matsa zuwa bayanan gaske. Na'urar TESS, da aka harba a Afrilun 2018, bayananta a buɗe suke, kuma shirin Planet Hunters TESS a dandalin Zooniverse yana nuna wa kowa zanen hasken taurari a waya, ya sa alama inda ya ga giftawa. Zane ne kawai, bai kai bidiyo cin kati ba. Wanda ke son ganin tauraron da idonsa ya sauke manhajar Stellarium ya nemi 51 Pegasi a Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya sauka. Bayan isha'i yana kusan tsakar ka a nan Damagaram, amma dusashe ne, sai an bar fitilun gari, ko da ta hanyar Mirriya, a daren da babu farin wata. HD 189733 kuwa sai da madubin hangen nesa na hannu. A Planet Hunters, a gargaɗi ɗalibai tun farko cewa yawancin ramukan da za su gani ba duniyoyi ba ne. Taurari biyu masu zagaya juna ma suna rage hasken juna. Nasu ramin yakan yi zurfi ƙwarai, sau da yawa mai tsini a ƙasa, kuma yakan zo ɗaya babba ɗaya ƙarami bi da bi. Na duniya gajere ne, gindinsa a ɗan shimfiɗe, yana dawowa da zurfi ɗaya a tazara ɗaya.